Nono ya kumbura, ƙullutu babu: kar mu ce ba komai

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar hawan jini. Ku yi mini haƙuri, na ɗage ta. Wani abu ya faru a ƙungiyarmu da ba zan iya danne shi har wata mai zuwa ba.

Duk shekara in watan Oktoba ya kama, Yamai takan cika da ruwan hoda. Octobre rose a rediyo, a telebijin, a jikin riguna da kallabi. Saƙon da muka fi riƙewa guda ne: ki riƙa shafa nononki, in kin ji ƙullutu ki ruga likita. Saƙo ne mai kyau, ya ceci mata da yawa. Amma mu da kanmu mun ƙara masa wutsiya, wadda ba wani lokotoro da ya faɗa mana: tunda na shafa ban ji ƙullutu ba, ashe ba komai. Wannan wutsiyar ce ta cinye wa wata ƴar uwarmu sati goma.

Ta ba ni izini in ba da labarin, ban da suna, ban da unguwa. Ba ta kai shekara arba'in ba, ƴaƴanta biyar, na ƙarshen yana nono, shekararsa ɗaya da ƴan watanni. Tana soya ƙosai da safe a bakin titi. Wata rana ta lura nononta na hagu ya fi na dama nauyi, da ɗumi kamar an ɗora masa garwashi daga nesa. Uwar mijinta ta duba ta ce yaro ne ya yi mata gyatsa a nono, kowace mai goyo ta san wannan, zai sace. Aka jiƙa magani aka shafa. Bai sace ba. Ta sayi kafso ɗin nan ja da rawaya wurin masu tallar magani, ta sha na kwana huɗu. Daga baya ta je wata cibiyar lafiya, aka ce ciwon nono ne irin na masu shayarwa, aka rubuta mata antibiyotik na sati guda. Har nan babu abin zargi sosai, don sau da yawa abin da yake ke nan. Inda aka yi sake shi ne ba wanda ya ce mata, "In bai sauka ba ki dawo rana kaza." Ita kuma ta shanye magani, nono yana nan yadda yake, har ya ƙaru. Ta shiga makewayi ta shafa ta shafa kamar yadda aka koya mana, ba ta ji ƙullutu ba. Ta ce alhamdulillahi, ko mene ne dai ba waccan ba ce.

Yadda muka gane kuwa, a wurin taro ne. Sau biyu a jere ta kasa zubi, ita da ba ta taɓa fashi ba, kuma ta zauna a karkace tana tallafe da hannun hagu. Da aka tashi, babbarmu a ƙungiya, wadda duk muke ce wa Inna, ta riƙe ta a baya.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

"Lahiya lau, Inna. Ɗan ciwon nono ne, na sha magani."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata biyu."

"Wata biyu? Taho ciki in gani."

Inna ta kira ni don ni ke riƙe da littafi, kuma ni ce mai yawan surutu kan lafiya. Abin da na gani ba zan manta ba. Nonon ya kusa ninka ɗan uwansa. Fatar ta yi duhu fiye da sauran jikinta, tana ƙyalli, ta yi kauri, ga ƙananan ramuka birjik kamar ɓawon lemu. Kan nonon ya shige ciki. A hammata akwai kaluluwa mai tauri. Ƙullutu dai a cikin nonon, gaskiyarta, ni ma na taɓa ban ji ba. Washegari muka kai ta. Eko, sannan aka yanki ɗan nama aka kai labo. Sakamako ya fito: sankara ce, irin wadda a takardar likita ake rubutawa cancer inflammatoire du sein, wato sankarar nono mai kama da kumburi.

Bari in yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don in mun gane dalili, alamomin ba za su ɓace mana ba.

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu ƙananan hanyoyi a jikinmu, sirara ƙwarai, masu kwashe ruwan da ke taruwa a tsoka da fata su kai shi ga wasu ƴan ƙwayoyi masu tacewa. Ƙwayoyin nan kowa ta san su: su ne ke tashi su zama kaluluwa a matsematsi in kin yi rauni a ƙafa, ko a hammata in kin yi ƙurji a hannu. Fatar nono cike take da waɗannan hanyoyi. Sankarar da muka saba ji takan dunƙule wuri guda ta yi ƙullutu, ta daɗe tana girma. Wannan kuwa ba ta cika dunƙulewa ba. Ƙwayoyinta shiga suke cikin hanyoyin ruwan su toshe su. Kun ga yadda unguwanninmu ke zama a watan Agusta in leda da yashi sun cushe magudanar ruwa: ruwa ba ya wucewa, sai ya kwanta. Haka ruwa ke kwanciya a fatar nono. Shi ne kumburin, shi ne nauyin, shi ne ɗumin. Ramukan ɓawon lemu kuma, fata ce ta cika ta taso, amma wurin kowace ƙofar gashi ya kasa tasowa, sai ya zama rami. Likitoci na ce masa peau d'orange. Ki riƙe sunan, yana da amfani in kina gaban sajfam.

Don haka yatsa ba zai samo ta ba. Ido ne zai gan ta, da bayan hannu.

A nan kuma akwai matsalar da ta shafe mu musamman. Littattafan likitanci da hotunan da ake nunawa sun ce nono yakan yi ja, har ma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce canjin launin ya rufe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na nonon, kuma abin ya taso cikin ƙasa da wata 6. To, ja a fatar wa? A fatar Bature ja yakan fito jawur. A fatarmu sau da yawa ba ja ake gani ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi kamar inda aka buge jini ya kwanta, ko ya ja zuwa shuni-shuni, ko ya yi ƙyalli kamar an shafa mai. Mace mai hasken fata za ta iya ganin ja, baƙa kamata kuwa tana iya zama tana jiran ja har abin ya yi nisa. Ƴar uwarmu ta ce mini, "Yaya, ni fa an ce ja, ban ga ja ba." Gaskiya ta faɗa.

Ga yadda za ki duba. Da rana, ba da fitila ba, ba da hasken salula ba. Ki tsaya inda hasken rana ke shigowa, ki cire riga, ki dubi biyun tare a madubi, hannuwa a ƙasa, sannan ki ɗaga su sama. Allah ya ba ki ma'auni a jikinki: ɗayan nonon. Kusan kowace mace ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma tun tana budurwa, wannan ba komai ba ne. Abin da ake nema sabon bambanci ne, wanda babu shi wata ɗaya ko biyu da suka wuce. Ki ɗora bayan hannunki a kan wannan, ki ɗora a kan wancan: akwai wanda ya fi ɗumi? Ki ɗan tsunkuli fatar a hankali da yatsa biyu: ta lafiyayyen nono takan taso siririya, ta mai ciwon takan yi kauri, ta ƙi tsunkuluwa. Ki duba ƙasan nonon ma, ki ɗaga shi, don ɓawon lemun yakan fara a can ko kewayen kan nono, inda ba mu cika kallo ba. Kan nonon da a da yake tsaye, yanzu ya baje ko ya shige? Rigar nononki ta matse gefe guda, ko tana barin shaida mai zurfi a gefe guda? Ki lalubi hammata, ki lalubi ramin da ke saman ƙashin wuya. Wasu kuma suna jin ƙaiƙayi, ko zogi, ko raɗaɗi kamar ƙuna. Wasu ba sa jin ciwo ko kaɗan, nauyi kawai.

Masu ɗinki a cikinmu suna da wata dabara a hannu: tef ɗin awo. Ki auna, ki rubuta, ki sake aunawa bayan kwana uku. In akwai wurin da ya canza launi, ki zagaye bakinsa da biro. In bayan ƴan kwanaki duhun ya tsallake zanen, kin samu abin nuna wa likita wanda ya fi dogon bayani.

Wata magana a gefe, ga masu man bilicin da man shafawa masu ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa. Da yawansu akwai sinadarin kortizon a ciki. Yana iya kwantar da ƙaiƙayi da launi na ɗan lokaci, ki ɗauka kin warke, alhali abin yana ci a ƙasa. In nono ya canza, kar ki shafa masa komai kafin a duba, kuma ki faɗa wa mai duba ki gaskiyar man da kike shafawa. Ba faɗa za a yi miki ba, ko an yi ma, faɗa ba ya kisa.

Yanzu kar in tayar muku da hankali a banza. Mu a ƙasar nan rabin rayuwarmu muna ciki ko muna goyo, kuma kumburin nono wurin mai shayarwa abu ne na yau da kullum. Mafi yawansa, nesa ba kusa ba, ba sankara ba ne. Ruwan nono ne ya taru, ko ƙwayar cuta ta shiga ta tsagewar kan nono. Irin wannan yakan zo farat ɗaya, kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki kamar masassara, kuma sau da yawa gefe guda ne na nonon ke ciwo. In aka ci gaba da ba yaro nono, aka sha maganin da ya dace, cikin kwana biyu zuwa uku za ki ji sauƙi ya fara, cikin sati ko kwana goma ya tafi. Haka ma ƙurajen zafi da saɓar da ke fitowa a ƙarƙashin nono a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke tafasa: waɗannan galibi gefe biyu ne, a cikin lanƙwasar fata, kuma suna tafiya in wurin ya bushe. Sankarar da muke magana ba ta da yawa. A Amurka, cikin kowace sankarar nono 100, tsakanin 1 zuwa 5 ne irin wannan. Likitocin Tunisiya da Masar sun daɗe suna ba da rahoton kason da ya fi haka a wurinsu. An kuma lura ta fi kama baƙaƙen mata fiye da farare, ta fi zuwa wa mata da sauran ƙuruciyarsu in aka kwatanta da sauran ire-iren, kuma ƙiba na ƙara haɗarinta. Shayarwa tana rage haɗarin sankarar nono, gaskiya ne, amma ragewa ne, ba katanga ba ce. Mai ciki na iya kamuwa, mai goyo na iya kamuwa.

To yaya za a bambance? A ranar farko ko ƙwararren likita yana iya kasawa, shi ya sa ake fara ba da antibiyotik. Abin da ke bambancewa shi ne kwanaki. In kin sha maganin da likita ya rubuta yadda aka ce, kwana 7 zuwa 10, nono bai koma yadda yake ba, ki koma. Ba ki sake sayen wani kafso ba, ba ki canza mai magani ba, ba ki jira bayan suna ko bayan salla ko bayan rabon asusu ba. In kuma ba kya shayarwa, ba ki daɗe da yaye ba, sai ga nono guda ya kumbura ya yi ɗumi babu zazzaɓi, wannan tun ranar farko abin a bincika ne da kyau. Matar da ta daina haila, nononta ya kumbura haka kawai, ita ma kar ta kwana biyu tana tunani.

Na san halinmu gaban masu farar riga. Mukan sunkuyar da kai, a tambaye mu mu ce "to", a miƙo takarda mu karɓa mu fito. Ki shirya maganarki tun daga gida. Ki faɗi ranar da abin ya fara. Ki tafi da kwalin maganin da kika sha da tsohuwar takardar. Ki ce wa majo ko sajfam, cikin ladabi: "Na shanye maganin duka, bai sauka ba, fatar ta canza. Ina so a tura ni inda za a yi mini eko, a ɗauki nama a gwada." Kina da haƙƙin faɗin haka. Kuma kar ki yarda a duba ki ta saman riga. Wannan ciwo a fata yake, wanda bai ga fata ba bai ga komai ba. In kunya ce, ki nemi mace ta duba ki, a kowace CSI da wuya a rasa.

Ku kuma san wannan: hoton mamogarafi yana iya fitowa bai nuna ƙullutu ba, tunda babu shi. Eko ma wani lokaci kaurin fata da kaluluwa kawai zai nuna. Abin da ke yanke hukunci shi ne biyopsi: a kashe wurin da allura, a ɗauki ɗan nama daga cikin nonon, sau da yawa har da ɗan guntun fata, a duba a labo. In an ce miki hoto bai nuna komai ba amma nonon yana nan a kumbure, maganar ba ta ƙare ba.

Na ji abin da ake faɗa a gidajen biki: wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mun ga mata da aka kai likita, aka yanka, ba su daɗe ba suka rasu. Amma ku tuna a wane hali aka kai su: bayan shekara ana jiƙo da hayaƙi, nono ya riga ya fashe. Ba allurar ce ta kashe su ba, ciwon ya riga ya isa huhu da hanta da ƙashi kafin su taka ƙofar likita. Ƙarfen da ya kamata mu ji tsoro shi ne na sakiya. Nonon nan ba maruru ba ne, babu mugunya a ciki da za ta fito. In wanzami ya huda ko ya tsaga, an buɗe ƙofar gyambo a fatar da ba ta iya warkewa, kuma an ƙara ɓata lokaci. Addu'a da rubutu, ba wanda ya hana, mu ma muna yi mata kullum. A yi su a kan hanyar zuwa likita.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan sankara mai gaggawa ce. Sauran ire-iren na iya ɗaukar watanni da shekaru, ita tafiyarta ta satuttuka ce. Likitoci sun kasa sankara mataki huɗu, kuma wannan duk ranar da aka gano ta, tunda ta riga ta shiga fata, ana lissafa ta aƙalla a mataki na 3. Amma tsakanin na 3 da na 4 akwai tazara babba. A na 3 ciwon yana nono da hammata, ana yin magani da niyyar a raba mace da shi. A na 4 ya tafi wasu sassan jiki, magani na rage wahala ne da ƙara kwana. Satuttukan da muke ɓatawa wurin mai tallar kafso, su ne gadar da ke tsakanin biyun.

Maganinta ma tsarinsa daban ne, kuma gara mu sani don kar mu ce an yi mana wasa. Ba a fara da tiyata. Ana fara da shimiyo, ƙarin ruwan magani a jijiya, zagaye bayan zagaye na tsawon watanni, don a kwantar da ciwon. Sannan a cire nonon gaba ɗaya tare da ƙwayoyin hammata. Sannan gashi da na'ura, wato radiyoterapi. Wasu kuma ana ɗora su kan ƙwayoyi ko allurai na musamman, gwargwadon abin da labo ya nuna. Shimiyo na da wuya: gashin kai ya zube, amai, kasala, baki ya yi ɗaci. Kuma bayan zagaye biyu ko uku nono yakan sace, launi ya fara dawowa, a nan ne mata da yawa ke cewa sun warke su daina zuwa. Ba a warke ba. Wadda ta tsaya a tsakiya, ciwon kan dawo da ƙarfinsa. Mai shayarwa dole ta yaye kafin a fara shimiyo, don maganin na bi ta ruwan nono. Ita sankarar kanta ba ta bi ta nono ta kama yaro, ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa ko a wurin wanki. A gaya wa kishiya, a gaya wa dangin miji, a gaya wa masu sayen ƙosai.

Mu mazauna Yamai muna da abin da matan ƙauye ke yin tafiyar kwana don su samu. Daga CSI ana tura mace zuwa manyan wurare kamar Maternité Issaka Gazobi ko Babban Asibitin Ƙasa. Akwai Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, CNLC, inda tun 2021 ake yin gashi da na'ura a nan gida, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fitar da mutum ƙasar waje, kuma kun san su wa ke samun wannan. Tun 2007 gwamnati ta sa kula da sankarar mata, ta nono da ta mahaifa, cikin ayyukan lafiya na kyauta. Ki tambaya tun farko abin da kyautar ta ɗauka da abin da za ki biya da kanki, kar ki ji nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka gano da sankarar nono a duniya, 670,000 suka rasu, kuma a ƙasarmu ita ce sankarar da ta fi kama mata. Hukumar ta sa ma'auni: daga ranar da mace ta fara kai kukanta likita zuwa ranar da aka gama bincike aka san abin da ke damunta, kar ya wuce kwana 60. Ga irin wannan mai gaggawa, kwana 60 ma ya yi yawa.

Sai maganar da ta shafe mu a matsayin ƙungiya. Na tambayi ƴar uwarmu, tsakani da Allah, me ya hana ta komawa bayan maganin farko. Ta ce rashin ƙullutu ya kwantar mata da hankali, amma akwai na biyu: kuɗin taksi zuwa da dawowa, da ranar ƙosai da za ta tafi a banza, da kuma kunyar sake tambayar maigida kuɗin likita kan ciwon da aka riga aka saya wa magani. Duka-duka abin bai fi jikka uku ba. Jikka uku, alhali akwatinmu yana ɗaki da kuɗi a ciki, har da nata.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, ƙungiyoyi irin namu suna ware ɗan abin taimako ban da zubi. Da muka buɗe littafin dokokinmu, mun rubuta haihuwa, mun rubuta rasuwa, mun rubuta gobara, mun rubuta kwanciya a likita. Ba mu rubuta zuwa bincike ba. Wato sai mace ta kwanta muke taimakonta. Kuma ko da mun rubuta, tsarin ya ce ta miƙe gaban mata talatin ta faɗi dalili, a jira masu makulli uku su haɗu. Wace ce za ta miƙe a taro ta ce nonona ya kumbura? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, mun sani, amma mu ma ba mu buɗe mata ƙofar faɗa ba.

Ga abin da muka gyara, ko wata ƙungiya za ta ga ya yi mata. Mun fitar da jikka goma daga asusun taimako, suna hannun ma'aji a waje da akwati, an rubuta a littafi. Duk wadda ke buƙatar zuwa bincike ta samu Inna ko ma'aji a gida, a ba ta har jikka biyar a ranar, babu riba, kuma a littafi "lafiya" kawai za a rubuta. Mun kuma sa dokar rakiya: ba mai zuwa karɓar sakamako ita kaɗai, kuma ƴar rakiyar ta kasance mai jin Faransanci ko Zabarmanci in da hali, ta riƙe takardu, ta tambayi ranar dawowa, ta rubuta. Akwai wadda ta ce wannan zai sa mata su riƙa cin kuɗin da sunan ciwo. Mai yiwuwa. Ni dai na gwammace a cuce mu jikka biyar da in sake ganin abin da na gani a ɗakin Inna.

Maigida kuwa, Inna ce ta je da kanta. Ba ta yi masa dogon wa'azi ba. Ta ce, "Malam, ɗiyata ba ta da lahiya, kuma ba ciwon jira ba ne. Gobe da sahe za mu tahi da ita, kuɗin mota na wurinmu, izininka muke so." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma zai zo. Ya zo, kuma har yau shi ke kai ta. Wani lokaci mu ke yanke wa mazan hukunci tun ba a tambaye su ba.

Yanzu ta yi zagaye uku na shimiyo. An yaye yaron, yana wurin ƙanwarta. Nonon ya sace sosai, kai babu gashi, tana ɗaura kallabi biyu tana dariyar kanta. Likitoci sun ce sai an gama zagayen za a sa ranar tiyata. Teburin ƙosai bai tashi ba, mata huɗu ke karɓa-karɓa, cinikin na zuwa hannunta, zubinta kuma mun dakatar har ta miƙe. Zagaye na huɗu ranar Talata ne, kuma har yanzu muna neman wadda za ta zauna da ita daga safe zuwa azahar, don ƴar rakiyarta ta yi tafiya. Mai hali ta samu ma'aji.

Maganar hawan jini sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.